Samun Ɗaki Mai Daraja A Jirgin Ruwa: Da Muƙami Ne, Yanzu Ciniki

A zamanin da babu jirgin sama sai ga ɗaiɗaikun mutane, ma'aikaci ko ɗalibin da aka tura Ingila daga Mashi, ko wani gari na shiyyar Daura, sai ya shiga mota zuwa Katsina, ya zarce Kano, ya hau jirgin ƙasa har Ikko, sa'an nan ya isa tashar Apapa inda jirgin ruwa ke jira. Jiragen fasinja na wannan hanya na kamfanin Elder Dempster ne, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Aureol, wanda aka ƙera a Glasgow ya fara aiki a 1951. Yakan yi wajen mako biyu tsakanin Ikko da Liverpool, yana yada zango a Firitawun da Las Palmas.

Aureol yana da wurin mutum 253 a faskila, da 76 a aji na biyu. Ga ma'aikacin gwamnati, muƙaminsa ne ke zaɓa masa makwanci, gama Baitulmali ke biyan kuɗin tafiya bisa ƙa'idar aiki. Babban ma'aikaci faskila, na ƙasa da shi kuwa sai inda takarda ta ajiye shi, kome iya bakinsa. Can baya kuma ga fatake masu safarar goro tsakanin Ankara da Ikko, waɗanda ba ruwansu da ɗaki, a sararin jirgi suke shimfiɗa tabarma kusa da huhunansu.

Jirgin sama ya kashe wannan kasuwa. A 1974 aka janye Aureol, wani attajirin Girka mai suna John Latsis ya saye shi, ya kai shi Jidda ya mayar da shi masaukin ma'aikata. A 2001 aka wargaza shi a Indiya.

To, a Jiddan nan ne kuma mai zuwa Umra yau zai iya cin karo da wani irin jirgin ruwa dabam, watau na yawon shaƙatawa, wanda ba don isa wani gari ake hawansa ba, sai don a huta a ga duniya. Kamfanin MSC ya fara tashi daga Jidda a 2021, sa'an nan a watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Aroya. A irin waɗannan jirage ɗakuna hawa huɗu ne: na ciki maras taga, da mai tagar da ke duban teku, da mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Ba wanda ke tambayar matakin albashin mutum. Abin da kamfani ya sani shi ne, ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa kuɗinsa ya tafi ke nan, don haka gara a sayar da shi da rahusa ga wanda ya riga ya yanki tikiti.

Hanyar da ta fi yawa yanzu ita ce gwanjo. Idan ranar tashi ta matso, kamfani kan aiko wa fasinja saƙo cewa ya taya ɗakin da ya fi nasa. Kamfanin Royal Caribbean yana kiran nasa tsarin RoyalUp, Norwegian kuma Upgrade Advantage. Akan yanke mafi ƙarancin abin da za a taya, mutum ya sa abin da ya ga zai iya, ya jira. A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Kuɗin da aka taya na mutum ɗaya ne, amma na mutum biyu za a cire, ko da fasinja shi kaɗai zai kwana. In aka sallama, nan take za a zare kuɗin daga katinsa na banki, ba a mayarwa, tsohon ɗakinsa kuma ya zama na wani. Ba shi zai zaɓi inda sabon ɗakin yake ba. Magidancin da ya kama ɗaki biyu jere da juna, ɗaya nasa ɗaya na yara, yana iya wayar gari ya ga hawa uku ke tsakaninsa da 'ya'yansa. Wanda aka kai babban ɗaki mai falo kuwa, a wasu kamfanoni tukuicin ma'aikata da ake yanka masa kullum shi ma ƙaruwa yake yi. Mai hankali kan fara duba farashin ɗakin a kasuwa kafin ya taya, domin wani lokaci saye kai tsaye bai fi gwanjon tsada ba.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya biya kuɗin wani aji, ya bar wa kamfani zaɓin ɗaki. An lamunce masa ba za a kai shi ƙasa da abin da ya biya ba, in kuwa ajin ya cika sai a matsa da shi gaba kyauta. Wannan sai mai sa'a. Tsofaffin abokan ciniki ma akan tuna da su.

Sai dai daraja a takardar kamfani ba kullum take zama jin daɗi ba. Tagar wani ɗakin kwalekwalen ceto ne ya tare ta, wani kuma yana ƙarƙashin zauren kiɗa, ba barci sai dare ya raba. Ga mutumin tudu irin na Mashi, wanda bai saba da igiyar ruwa ba, ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa shi ya fi dacewa, domin can ne tangaɗi ya fi sauƙi. Na goshin jirgi da na can sama, ko da sun fi tsada, su suka fi kawo jiri da amai. Wanda ya riga ya sami ɗakin tsakiya yana iya gaya wa wakilin da ya yankar masa tikiti ya rubuta cewa kada a canja masa.

Masu jira sai sun shiga jirgi su roƙi ma'aikatan teburin karɓar baƙi kuwa, galibi amsa ɗaya suke samu, cewa jirgi ya cika tun kafin ya bar tasha.