Me ya sa wasan waje ke wahalar da ƙananan ƙungiyoyin hoki?

Hoki, wato ƙwallon gora, wasa ne na 'yan wasa 11 a kowane ɓangare. Ana buga shi na minti 60 da aka raba kashi huɗu, kuma ba a ƙirga ci sai an bugi ƙwallon daga cikin da'irar da ke gaban raga.

Babbar matsalar ƙungiyar da ta tafi baƙunci ita ce fili. Tun gasar Olamfik ta 1976 a Kanada ake buga manyan wasanni a kan ciyawar roba, inda ƙwallo ke gudu sumul. Yaron da ya saba da filin turɓaya irin na Achika a Wudil, ranar da ya taka filin hoki na babban filin wasa na Abuja, saurin ƙwallon zai ba shi mamaki.

Ga kuma kuɗin mota da abinci da masauki, waɗanda galibi 'yan wasan sa-kai ke haɗawa daga aljihunsu, sannan su shiga fili da gajiyar hanya.

Ya kamata makarantu da masu hali su taimaka wa matasa da sanduna da kuɗin tafiya, domin sai da fita ake gogewa.