Kimiyyar bayanai a sakandare: darasin da ya jawo gardama a Kalifoniya

A makarantun sakandare da dama na Amurka ana koyar da kimiyyar bayanai, wato yadda ake tattara alƙaluma, a tace su, a fito da abin da suke nunawa. Darussan suna intanet. Jami'ar UCLA da hukumar makarantun Los Anjelis sun tsara manhajar da ɗalibai ke tattara bayanan harkokinsu na yau da kullum da wayar salula, su nazarce su da harshen kwamfuta na R. Cibiyar youcubed ta Jami'ar Stanford ta fitar da tata kyauta.

Sai dai a 2023 kwamitin sharuɗɗan shiga Jami'ar Kalifoniya ya yanke cewa waɗannan darussa ba za su maye gurbin aljabara mataki na biyu ba. Malamai sun yi gargaɗi, kuma da gaskiyarsu: yaron da ya tsallake aljabara zai sha wuya a injiniyanci, har ma a kimiyyar bayanan kanta.

Faransa kuwa ba ta yi musaya ba. Tun 2019 duk ɗaliban ajin farko na lise na gama-gari da na fasaha suna karanta darasin SNT, awa ɗaya da rabi a mako, tare da lissafinsu.