Damben Boksin da Baƙinsa 'Yan Keji

Ɗanyen kayan sana'ar boksin yaro ne, kuma tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Floyd Mayweather ya buɗe ido ne a gidan 'yan dambe a garin Grand Rapids na Amurka: ubansa ɗan dambe, baffanninsa Roger da Jeff 'yan dambe. Yana da shekara 19 ya ciyo tagulla a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, a shekarar kuma ya shiga damben kuɗi. Ranar da ya tsaya gaban Conor McGregor a 2017, ya riga ya yi karawa 49 ba a taɓa cinsa ba, shi kuwa McGregor ranar ce karawarsa ta farko a damben boksin na kuɗi.

Yaron da ya shiga ɗakin atisaye yana ɗokin dukan buhu ne, amma mai horarwa ƙafa yake fara koya masa: yadda zai tsaya a karkace, haɓa a ƙirji, yadda zai matsa gaba ya ja baya ba tare da ƙafafu sun harɗe ba. Sai gudun asuba, tsallen igiya, naushin iska a gaban madubi. Kafin ya taɓa buhu sai an naɗe masa hannu da bandeji, a bi tsakanin yatsu a ɗaure wuyan hannu, don ƙasusuwan bayan hannu ƙanana ne, ba su da wuyar karyewa, hannun kuwa shi ne jarin. Naushin da ya fi kowane cin lokaci shi ne zunguri da hannun gaba. Ba ya kisa, ba ya sa 'yan kallo ihu, amma da shi ake auna tazara, a rufe wa abokin karawa ido, a buɗe wa hannun baya hanya. Gwani kan kauce wa naushi da ɗan motsin kafaɗa, ya bar shi ya wuce ta gefen kunne, ya rama kafin mai shi ya janye hannu. Wannan sai bayan shekaru na gwabzawa da abokan atisaye, har jiki ya riƙa yi da kansa.

Ɗan damben keji, wato mai faɗan gauraye irin na UFC, shi ma ba rago ba ne, watakila ma aikinsa ya fi yawa. Makonsa a rabe yake: yau naushi, gobe shuri da gwiwa, jibi kokawa, gata shaƙe wuya da murɗe gaɓa a ƙasa. Tsayuwarsa ma daban. Yakan ware ƙafa ya fuskanci mutum da ƙirji, hannu a ƙasa-ƙasa, yana nesa, saboda tsoron a share masa ƙafa ko a sunkuyo a ɗauke shi. Duk waɗannan dabarun da ke cetonsa a keji su ne ke tona masa asiri a dandalin boksin. Safar hannunsa oza 4 ce, yatsu a waje. Ta boksin oza 8 ko 10, tana rage kaifin naushi, tana kuma zama garkuwa ga wanda ya iya fakewa a bayanta. In ya gaji a keji sai ya rungumi mutum ya jingina shi da raga ya huta. A boksin alƙalin wasa raba su zai yi nan take. Turminsa minti biyar ne, uku ko biyar, ƙarshenta minti 25. Babban damben boksin turmi 12 ne na minti uku-uku, ana hutun minti ɗaya a tsakani.

An ga amfanin wannan lissafi ranar 26 ga Agusta 2017 a Las Vegas. McGregor, bahago ɗan Ayalan mai shekara 29, ya fara boksin tun yana yaro a unguwar Crumlin ta Dublin, kuma a turaman farko ya taka rawar gani. Mayweather, mai shekara 40, ya rufe fuska ya bar shi yana ta zuba, yana karanta shi. McGregor har ya riƙa mantawa yana dukan ƙeya, alƙali na ta jan kunnensa. Daga tsakiyar wasa sai Mayweather ya soma tako shi, yana saka masa a ciki da fuska. A turmi na tara ƙafafun McGregor sun zama na aro, a na goma alƙali ya shiga tsakani. An ɗan haura minti 28 da fara damben, wato McGregor ya shiga lokacin da bai taɓa kai wa ba a keji.

Wanda ya rikita wannan lissafi shi ne Francis Ngannou, ɗan ƙauyen Batié a Kamaru. Tun yana kamar shekara goma yake lodin yashi a wurin haƙa. Boksin ne burinsa tun asali, shi ya sa ya kama hanya ta Najeriya da Nijar da Aljeriya zuwa Maroko, ya tsallaka ruwa, aka tsare shi wata biyu a Sifaniya, ya isa Faris yana kwana a titi. Can aka karkatar da shi zuwa keji, har ya ci kambun masu nauyi na UFC a 2021. Ranar 28 ga Oktoba 2023 a Riyad ya kara da Tyson Fury, mai riƙe da kambun WBC a lokacin, wanda ba a taɓa ci ba har zuwa ranar. A turmi na uku ya lanƙwaso hannun hagu ya same shi a gefen kai, sai ga Fury a ƙasa. Fury ya tashi, aka kai turmi goma, alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba Ngannou, da yawan 'yan kallo kuma suka ce an yi kwange. Ni dai a ganina abu biyu suka haɗu: Fury ya raina baƙo bai shirya ba, sannan a ajin masu nauyi hannu ɗaya kan rushe gwanintar shekara ashirin.

Ba a yi wata biyar ba aka sake gwadawa. Ranar 8 ga Maris 2024, a Riyad ɗin dai, Anthony Joshua, wanda tsatsonsa na Shagamu ne, ya zo bayan ya kalli turmi goma na Ngannou a bidiyo. A turmin farko Ngannou ya juya tsayuwa irin ta bahago, Joshua ya miƙa masa dama ta tsakiya, ya faɗi. A na biyu ya sake kayar da shi, da ya tashi kuma ya aika masa wadda ta sumar da shi. Damar ɗan keji a gaban gwanin boksin ke nan: ƙarfin hannu, baƙon salo da ba a karanta ba tukuna, da sakacin mai gida. In aka rasa biyu daga ciki, sai a fara neman likita. (Kada 'yan boksin su yi alfahari da yawa: da James Toney ya shiga keji a 2010, Randy Couture ya kama ƙafarsa ya kai shi ƙasa ya shaƙe shi tun a turmin farko.)

Abin da ke kai 'yan keji boksin dai kasuwa ce. Ana sayar da dambe ta tikitin ƙofa da kuɗin kallo a talabijin. Damben Mayweather da McGregor an saye shi sau miliyan 4.3 a Arewacin Amurka, kusan dala 100 kowane gida. Tun kafin a raba riba an yanka wa Mayweather dala miliyan 100, McGregor miliyan 30, abin da bai taɓa gani ba a keji. Ngannou yana riƙe da kambu a lokacin, amma ladan da aka bayyana na karawarsa ta ƙarshe a UFC a 2022 dala 600,000 ne. A damben Fury an ruwaito ya sami wajen miliyan goma. Dalili shi ne babban ɗan boksin yakan yi cinikin kasonsa da kansa, ɗan UFC kuwa kwantaragin kamfani ke ɗaure da shi.

Kuɗin ba duka ke shiga aljihu ba. Mai horarwa bisa al'ada yana da kashi goma cikin ɗari, manaja na iya kai wa kashi ɗaya cikin uku, ga haraji, ga abokan atisaye da ake biya ana ciyarwa tsawon wata biyu ko uku na shiri, ga mai tsayar da jini, wanda ke da minti ɗaya tak ya danna ƙarfe mai sanyi a kumburi ya shafa basilin a tsagar gira. Waɗannan ma na sama ke nan. Ƙananan 'yan dambe da ke buɗe fage da turmi huɗu, da yawansu sai sun sayar da tikiti da kansu kafin a sa su, da safe kuma su tafi aikin gini ko tuƙi. Dukan kai kuwa ba ya tashi a banza: a 2019 Maxim Dadashev da Patrick Day duk sun rasu kwanaki kaɗan bayan dambe, sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa, ɗaya na da shekara 28, ɗaya 27.

Ngannou ya koma keji a Oktoban 2024, ƙarƙashin kamfanin PFL. Ya sunkuya ya ɗauke Renan Ferreira ya kai shi ƙasa, ya gama da shi kafin turmin farko ya ƙare.