Sana'ar Ɗaukar Hoto a Unguwannin Hausawan Duwala

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba aikin mai ɗaukar hoto mai zaman kansa a birnin Duwala na ƙasar Kamaru, musamman a New Bell, inda Hausawa suka daɗe da zama, da kuma Bépanda, inda neman ciniki kan kai shi. Idan aka ce mai zaman kansa, ana nufin wanda ba ya ƙarƙashin wata jarida ko ma'aikata, ba shi da albashi, sau da yawa ma ba shi da shago. Za a ga yadda irin wannan mai sana'a ya samu, da yadda yake tafiyar da aikinsa, da kuma dalilin da ya sa har yau ake gayyatarsa biki alhali yawancin mahalarta suna da waya mai kyamara a aljihu.

2.0 Wurin da Ake Sana'ar

Duwala ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta Kamaru, tana bakin kogin Wuri. Unguwar New Bell ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga filayensu na bakin kogi, a mayar da su can baya. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi amincewa da wannan shiri, Jamusawa suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Bayan Faransawa sun karɓi birnin, New Bell ta zama unguwar baƙi: Bamileke da Basa da Hausawa da mutanen Afirka ta Yamma duk suka sauka a nan. Hausawa sun zo da fatauci da fawa da ɗinki da malanta, har wani yanki na unguwar ya ɗauki sunansu.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa a kudancin Kamaru kalmar "Hausa" ta fi faɗi a kan yadda aka san ta a Kano ko Katsina. Mutanen kudu kan kira Bafulatani ko Babarbare ko kowane Musulmi ɗan arewa da wannan suna. Saboda haka mai hoto a New Bell yana jujjuya harshe tsakanin Hausa da Fulatanci da Faransanci da Turancin Buroka a yini guda.

Bépanda kuwa an fi saninta da babban filin ƙwallon da aka buɗe a 1972, shekarar da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka. Yawancin mazauna wannan unguwa Kiristoci ne 'yan kudu da yamma. Mai hoton da ke kwana a New Bell yakan hau babur, wanda a Duwala ake kira benskin, ya je Bépanda ɗaukar bikin baftisma ko taron adashi ko jana'iza.

3.0 Daga Shago Zuwa Tafi-da-Gidanka

Ɗaukar hoto tsohuwar sana'a ce a Duwala. Tun farkon shekarun 1930 George Goethe, mutumin Saliyo, ya buɗe shagonsa mai suna Photo George a birnin. A zamanin hoton baƙi da fari, mai shago shi ke yin komai: ya ɗauka, ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke fim, ya fitar da hoto a takarda, ya kuma adana dodon hoton ko mai shi zai dawo neman ƙari. Koyon wannan aiki yakan ɗauki shekaru a hannun ubangida, don haka masu yin sa ba su da yawa, suna da daraja.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne zuwan injinan wanke hoto mai kala a shekarun 1980 da 1990. Inji yana da tsada ƙwarai, mai ƙaramin shago ba zai iya saye ba. Sai aikin ya rabu biyu, ɗauka daban, wanki daban. Duk saurayin da ya mallaki kyamara yana iya sayen fim mai hoto 36, ya zaga unguwa ya cika shi, ya kai gidan wanki. Daga nan ne mai hoto na tafi-da-gidanka ya yawaita.

Na biyu shi ne karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da kuɗin ya rasa rabin ƙimarsa a kan faran na Faransa. Fim da takarda da sinadaran wanki duk daga waje ake shigo da su, sai farashinsu ya tashi, alhali aljihun mai saye bai ƙaru ba.

Na uku shi ne sabon katin shaidar ɗan ƙasa da aka fito da shi a 1998, wanda ake ɗaukar hotonsa nan take a wurin yin katin. Kafin wannan lokaci hoton kati shi ne tuwon yau da kullum na masu shago, domin doka ta wajabta wa kowane baligi ya riƙe kati. Da wannan ciniki ya kuɓuce, shaguna da yawa suka rufe. Daga baya kyamarar dijital ta kori fim, wayar salula kuma ta shiga hannun kowa.

4.0 Ire-iren Aikin

Ana iya kasa aikin mai hoto gida biyu: hoton mutum da hoton taro.

Hoton mutum ya ƙunshi ƙaramin hoton nan mai faɗin santimita 4 da tsawon santimita 4 da ake liƙawa a takardun makaranta da na jarrabawa da na neman aiki. Akwai kuma hoton da ake nema wajen auren ofis, inda ango da amarya ke haɗa kawunansu a hoto ɗaya. Ribar wannan aiki kaɗan ce, amma ba ya yankewa. Sai kuma hoton ado, wanda mutum kan ɗauka ranar da ya ɗinka sabuwar riga ko ya dawo daga aikin Hajji.

Hoton taro shi ne inda kuɗi suke. A unguwannin Hausawa ya haɗa da suna, wanda ake yi ranar bakwai da haihuwa, da ɗaurin aure da walima da saukar Alƙur'ani da bukukuwan Sallah. Ciniki yakan yi yawa gab da azumi, lokacin da iyaye ke gaggawar aurar da 'ya'yansu, ya lafa cikin watan Ramadan, sannan ya farfaɗo da ƙaramar Sallah. Ban da wannan lissafi na watannin Musulunci, mai hoto yana riƙe da kalandar ƙasa: ranar matasa, 11 ga Fabrairu, ranar mata, 8 ga Maris, wadda mata ke yi wa anko na atamfa ta musamman kowace shekara, ranar ƙasa, 20 ga Mayu, da bikin Ngondo na mutanen bakin teku, wanda ake rufewa a gaɓar Wuri a farkon Disamba.

Hanyar samun aikin taro iri biyu ce. Ko dai mai biki ya ɗauke shi, a yi ciniki tun kafin ranar, ko kuma ya je ba gayyata, ya ɗauki baƙi yayin da suke shiga, ya ruga gidan wanki, ya dawo ya baje hotunan a ƙofar wurin kafin a watse. Hanya ta biyu kasada ce, domin duk hoton da mai shi bai saya ba asara ce, ba a iya sayar wa wani da fuskar wani.

5.0 Yinin Mai Hoto

A ranar ɗaurin aure aiki yana farawa tun daren jajibere, da cajin batir, domin wutar lantarki tana iya ɗaukewa. Da safe mai hoto yakan riga jama'a isa masallaci ko ƙofar gidan da za a ɗaura, ya duba inda haske yake, ya kuma tambayi wani ɗan gida ya nuna masa waliyyin amarya da wakilin ango da dattawan da ba a son a tsallake. Ɗaurin aure ba ya daɗewa, kuma ba a maimaita shi. Idan aka miƙa sadaki, aka shafa fatiha, mai hoto yana can yana gyara kyamara, to wannan ya wuce ke nan.

Bayan an watse sai hoton rukuni: ango da abokansa, ango da surukansa, iyaye maza. Nan ake gane wanda ya iya magana. Mai hoto yaro ne a gaban waɗannan mutane, amma dole ya umarce su. Harshen Hausa ya tanadar masa hanya, wato amfani da wakilin suna "a" a madadin "ka" ko "ki". Ba zai ce wa dattijo "ka matsa" ba. Sai ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, a ɗan matso nan," ko "Baba, a ɗan ɗaga hula kaɗan," ko "Hajiya, a dubo nan." Kalmar "ɗan" tana ƙara tausasa umarnin. Ga tsaransa kuwa sai ya saki baki: "Kai ango, yi dariya mana!"

Da dare ko washegari sai zaman tace hotuna a kwamfuta: a zubar da wanda ido ya rufe, a gyara haske, a kai gidan wanki, a shirya kundi. Wannan ɓangare da mai biki ba ya gani yakan fi ɗaukar hoton kansa cin lokaci.

6.0 Kuɗi da Yanayi

Yawancin masu wannan sana'a suna karɓar kafin-alƙalami, domin da shi za su biya kuɗin babur da na wanki, wani lokaci da hayar fitila ko ladan yaron da zai riƙe ta. Da zarar an karɓa, alkawari ya hau wuya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da an sami wani biki mai tsoka a ranar. Matsalar tana ga cikon kuɗin. Bayan biki aljihun ango ya bushe, mai hoto kuma shi ne na ƙarshe a layin masu bin bashi. Makaminsa ɗaya ne, ya riƙe kundin har a biya. Amma a unguwar da kowa ya san kowa, matsa wa maƙwabci lamba yana iya toshe ƙofar gidaje goma. Tura kuɗi ta waya, kamar Orange Money da MTN Mobile Money, ya rage masa yawon karɓar bashi, bai dai kawar da bashin ba.

Yanayin Duwala ma abokin gaba ne. Ruwan da ke sauka a birnin ya haura milimita 3,500 a shekara, ya fi tsanani a Yuli da Agusta, alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba. Laima tana sa gilashin kyamara ya yi fumfuna, hotuna su manne da juna, ambaliya kuma takan shiga gidaje a unguwanni masu kwari. Mai hoton da ya san aikinsa yana ajiye kayansa a akwati mai rufi sosai, a wuri mai tudu.

7.0 Kunya da Amana

Abin da ya bambanta aiki a New Bell da aiki a Bépanda shi ne maganar shiga gida. A gidajen Hausawa da yawa namiji baligi ba ya wuce zaure sai da izini, ga shi kuma rabin biki a cikin gida ake yin sa, wurin mata. Saboda haka maigida ba ya duba kyan kyamara kawai. Yana tambaya: ɗan wane ne? Wa ya taɓa sa shi aiki? Wasu gidaje sun fi son mace ta ɗauki taron mata. Wasu kuma sukan yarda da saurayin da ya tashi a gabansu, wanda ya san ya yi sallama, ya jira mata su gyara lulluɓi, ya kuma kawar da kyamara daga wadda ta ɗaga hannu.

Akwai kuma saɓanin malamai game da hoton abu mai rai. Wasu sun hana sai don larura, kamar fasfo da katin shaida, wasu kuma sun sassauta a kan hoton kyamara. Mai hoto ba ya shiga wannan muhawara. Abin da ke kansa shi ne ya gane dattijon da ba ya so, ya tsallake shi ba tare da ya kunyata shi ba.

Zuwan Facebook da WhatsApp ya ƙara wa amanar nauyi. A da, hoton amarya yana cikin kundi a ɗakin uwarta, ko a ba direba ya kai wa dangi a Garwa ko Ngaundere ko Kano. Yanzu cikin minti ɗaya ya isa duk inda ba a so. Mai hoto yana buƙatar talla, kuma hoton amarya shi ne tallar da ta fi jan ciniki. Amma idan ya sa shi a shafinsa ba da izinin miji da iyaye ba, yana iya jawo rigima a sabon aure, shi kuma ya rasa unguwar gaba ɗaya.

8.0 Ajiya

Akwai wani nauyi da ba a cika lura da shi ba, wato adana hotunan. A garin Mbouda da ke yammacin Kamaru, mai hoto Jacques Toussele, wanda ya rasu a 2017, ya tara dodon hoto na shekaru masu yawa. Masanin al'adu David Zeitlyn ya jagoranci kwafe fiye da 40,000 daga cikinsu zuwa kwamfuta, da tallafin babban ɗakin karatu na Birtaniya. Hotunan da aka ɗauka don kati da aure sun zama taskar tarihin sutura da kitso da zumunci na wannan yanki. Mai hoton dijital ba shi da dodon hoto. Idan katin kyamara ya cika yakan goge don ya sami wurin bikin gobe, kuma idan kwamfuta ta lalace, aikin shekaru ya tafi. Iyali sukan gane haka ne ranar da aka yi rasuwa, aka zo neman hoton mamaci.

9.0 Kammalawa

An ga cewa injin wanki da karyewar sefa da sabon katin shaida su suka fitar da mai hoto daga shago zuwa titi, wayar salula kuma ta raba shi da ƙananan ayyuka. Abin da ya rage a hannunsa shi ne sanin tsarin biki, da iya magana da manya, da yardar da ta sa ake buɗe masa ƙofar cikin gida. Ɗalibi zai amfana idan ya riƙe kalmomin sana'ar da suka fito a nan, kamar ɗauka da wanki da dodon hoto da kafin-alƙalami da ciko, ya kuma gwada tsarin umarni na ladabi da aka nuna a sashe na 5.0 da yadda tela ko wanzami ke yi wa dattijo magana.