Me Ya Sa Kafaɗar da Ta Goce Take Sake Gocewa?

A cikin manyan gaɓoɓin jikin ɗan Adam babu wadda ta kai kafaɗa yawan gocewa. Kusan rabin gocewar manyan gaɓoɓi da ake kaiwa asibiti ta kafaɗa ce. Mu ma a zangunanmu, daga Nima da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi, kusan kowa ya san wani saurayi, ɗan ƙwallo ko ɗan dako ko mai babur, wanda ake cewa kafaɗarsa tana fita. Wani ma ya saba har ya iya mayar da ita da kansa, ya ci gaba da harkarsa, abokai suna yi masa kirari. To, wannan sabo shi ne abin da muke so mu ja hankalin masu karatu a kansa, domin duk fita ɗaya tana cin wani abu daga gaɓar wanda ba ya dawowa.

Kafin mu yi nisa, bari mu dubi yadda Allah ya gina wurin. Ƙasusuwa 3 ne suka haɗu a kafaɗa: ƙashin damtse, da allon kafaɗa da ke baya, da ƙashin nan da ya gitta a ƙasan wuya. Kan ƙashin damtse a mulmule yake kamar ƙwallo, yana zaune a wani gurbi da ke gefen allon kafaɗa. A kwatangwalo gurbin yana da zurfi, ƙashin cinya ya shige ciki kamar taɓarya a turmi. Na kafaɗa kuwa falale ne, bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan rashin zurfi shi ya ba mu damar ɗaga hannu mu yi kabbara, mu sosa baya, mu yi jifa. Shi ne kuma ya sa wurin ba shi da wuyar zamewa.

Abin da ke riƙe da kan ƙashin kada ya zame, na farko wani zobe ne na guringuntsi da ya zagaye bakin gurbin. Mu ɗauke shi kamar gammo a ƙarƙashin tulu: idan gammo yana nan daram, tulu ya zauna, idan gefe ɗaya ya warware, sai tulu ya riƙa karkata ta wannan gefen. Zoben nan yana ƙara wa gurbin zurfi da kamar rabi. A jikinsa ne kuma aka ɗaure jakar da ta lulluɓe gaɓar, tare da jijiyoyin da suka kama ƙashi da ƙashi. Daga waje sai tsokoki 4 da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin, suna danna shi cikin gurbi duk lokacin da hannu ya motsa.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewa ta gaba take yi, wato idan hannu yana sama a buɗe kamar na mai jifa, sai wani ƙarfi ya tura shi baya. Gocewa ta baya ba ta da yawa, an fi ganinta ga wanda farfaɗiya ta kayar ko wanda lantarki ya ja, kuma sau da yawa ba a gane ta da wuri saboda kafaɗar ba ta canza kama sosai.

Lokacin da kan ƙashin ya fita ta gaba, yakan ɓamɓare zoben nan daga bakin gurbi ya tafi da shi. Idan an ja hannu an mayar, ƙashi ya koma wurinsa, zafi ya sauka, maras lafiya ya yi hamdala. Amma zoben ba lalle ne ya manne a inda yake a da ba. Wani likitan tiyata na Landan, Bankart, shi ne ya bayyana haka a 1923, ya ce wannan yagewar ita ce tushen gocewar da ke maimaituwa, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiran raunin. A 1940 wasu likitocin hoton ƙashi biyu a Amurka, Hill da Sachs, suka nuna ɓarna ta biyu: bayan kan ƙashin yakan loɓa a inda ya daki bakin gurbi, kamar tukunyar dalma da ta faɗi a kan dutse. Kowace sabuwar fita tana iya ƙara zurfin loɓawar, tana kuma gutsurar bakin gurbin.

Shekarun mutum suna da babban tasiri a nan. A 1956 wani likita a Bostan, Carter Rowe, ya bi diddigin kafaɗu 500 da suka goce. Ya tarar a cikin 'yan ƙasa da shekara 20, kashi 83 cikin 100 sun sake gocewa, alhali a cikin waɗanda suka haura 40 kashi 16 ne kawai. Binciken da aka yi daga baya ya ba da adadi daban-daban, amma duk sun tafi a kan cewa matashi mai motsa jiki shi ya fi shiga haɗarin maimaici. Sai dai kada dattawanmu su saki jiki. Ga wanda ya wuce 40, abin da ya fi yagewa shi ne tsokokin nan 4. Idan makonni sun wuce bayan an mayar da ƙashi, baba ko inna ba su iya ɗaga hannu ba, a koma wurin likita, kada a ce tsufa ne.

Mun san yawancin mutanenmu wurin maɗori suke fara zuwa. Yana kusa, ba ya tsada, yana jin yarenmu, kuma ba ma musun cewa akwai masu hannu a cikinsu. Dabarar ma tsohuwa ce ƙwarai: fiye da shekara 2,000 da suka wuce, Hippocrates na ƙasar Girka ya rubuta yadda ake sa diddige a hammata a ja hannu. Ga mai yawan gocewa kuwa, ƙarfe mai zafi yake sa a ƙona hammata da shi don tabo ya ɗaure wurin, abin da zai tuna wa wasunmu da sakiya. Matsalar ita ce hannu, kome ƙwarewarsa, ba ya ganin cikin gaɓa. Wani lokaci gocewa tana zuwa tare da karaya, kuma ja da ƙarfi yana iya karya wuyan ƙashin tsoho. Akwai kuma wata jijiya da ta zagaye ƙashin damtse ta sama, wadda idan ta taɓu fatar gefen kafaɗa takan mutu, hannu ya ƙi ɗaguwa. Shi ya sa a asibiti ake ɗaukar hoton ƙashi kafin a mayar da kuma bayan an mayar, ake ba da allurar da za ta saki tsoka don a yi abin a hankali.

Mafi muni shi ne a ɗaure hannu da tsumma da karare ana tsammanin ƙashi ya koma, alhali yana waje. Bayan kamar mako 3 nama ya fara cike gurbin, ja ba ya ƙara amfani, sai an tsaga.

Ga wanda kafaɗarsa ta riga ta saba fita, gashin ƙashi da motsa jiki suna ƙarfafa tsoka, amma ba sa manne zoben da ya ɓamɓare. A nan ne tiyata ke shigowa. Aikin Bankart shi ne a kankare bakin gurbin, a dasa wasu ƙananan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashi, a ɗinke zoben da jakar a mayar da su mazauninsu. A da sai an tsaga gaban kafaɗa. Yanzu a wurare da yawa ƙananan huji 2 ko 3 ake yi, a zura wata na'ura siririya kamar alƙalami mai kyamara a baki, likita yana kallon allo yana ɗinki.

Idan kuwa bakin gurbin ya ci, ɗinki kaɗai ba ya riƙewa. A shekarar 2000 likitoci biyu, Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu, sun duba mutane 194 da aka yi wa ɗinki ta huji. Waɗanda ƙashinsu bai ci ba, kashi 4 cikin 100 ne suka sake gocewa. Waɗanda ƙashinsu ya ci sosai kuwa, kashi 67. A ganinmu wannan adadi ya kamata duk saurayin da ke alfahari da mayar da kafaɗarsa ya ji shi, domin jinkiri shi ke fitar da mutum daga rukunin farko ya kai shi na biyu. Ga 'yan rukuni na biyu, akwai aikin da Michel Latarjet na birnin Liyon a Faransa ya fito da shi a 1954. Ana yanko wani ɗan tsinin ƙashi da ke gaban allon kafaɗa tare da jijiyar da ke jikinsa, a kafe shi a bakin gurbi da ƙusoshi 2. Ƙashin ya cike giɓi, jijiyar kuma ta tare gaba kamar majanyi idan an ɗaga hannu. Aiki ne mai riƙewa, amma ya fi girma, kuma haɗarin taɓa jijiya ya fi yawa a cikinsa.

A ƙasar nan manyan asibitocin koyarwa, Korle Bu a Ankara da Komfo Anokye a Kumasi da na Tamale, suna da sashen ƙashi, haka ma asibitin St. Joseph da ke Koforidua wanda ya yi suna a wannan fanni. Mai zuwa ya tafi da duk hotunan da aka taɓa ɗaukarsa, ya kuma faɗa wa likita gaskiyar sau nawa kafaɗar ta fita da yadda take fita, ko da a cikin barci ne. Mai farfaɗiya sai an fara shawo kan ciwonsa, in ba haka ba faɗuwa ɗaya za ta warware ɗinkin.

Iyali kuma su yi shiri tun kafin ranar aiki. Hannu zai zauna a rataye mako 4 zuwa 6, sannan a shiga gashi na watanni, kuma ɗaukar kaya masu nauyi ko komawa fili yakan kai wata 6. Ga ɗan dako ko mai babur da ke ci da guminsa na yau da kullum, wannan zama shi ya fi tiyatar wuya, shi ne kuma ke sa wasu su koma aiki kafin ɗinki ya kama. Don haka idan 'yan uwa ko ƙungiyar unguwa za su yi karo-karo, a lissafa har da abincin gidansa na waɗannan watanni.