Alluna Biyu a Hannun Yaron Zango

Duk wanda ya san garuruwan arewacin Togo, tun daga Sokode, babban birnin Kotokoli, har Dapaong ta ƙasar Moba da Gurmawa, wadda ke dab da iyakar Burkina Faso, ya san cewa yaron zango, tun bai cika shekara bakwai ba, alluna biyu yake riƙewa a yini guda. Na farko na itace ne, wanda yake rungumewa a zauren malam bayan sallar asuba ko da maraice. Na biyu kuwa ɗan baƙin allo ne da yake sawa a jaka tare da alli, ya nufi lakwal, watau makarantar boko. A kan ɗaya hannunsa yana tafiya daga dama zuwa hagu, a kan ɗayan daga hagu zuwa dama, alhali kuwa a cikin biyun nan babu wanda ake rubuta harshen da uwarsa take yi masa magana da shi.

Allon itace shi ne ya riga zuwa. Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro ta wannan ƙasa suke ratsawa, kuma duk inda ayari ya yada zango ba a rasa malami da gafakarsa, har unguwanni irin su Didawure ta Sokode suka zama mazaunin Musulmi da karatu tun kafin Jamusawa su iso a ƙarshen ƙarni na 19. A zamanin Jamus ɗin ma, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya bar Salaga bayan yaƙin basasar 1892 ya zauna Kete-Krachi, a lokacin tana cikin Togo, har ya rasu a 1934, da ajami ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich labarun ƙasar Hausa. Ashe ke nan rubuta Hausa a wannan yanki ba baƙon abu ba ne. Sakaci ne ya sa aka bar shi.

Tsarin da malaman Hausa suka gada wajen buɗe wa yaro ido yana da hikima wadda ba kowa ke lura da ita ba, domin ba a fara nuna masa baƙi sai kunnensa ya saba da Fatiha da gajerun surori, ya riƙe su da ka. Sa'an nan a shiga babbaƙu, watau haruffa tsura babu wasali, kowane da sunan da aka laƙaba masa gwargwadon siffarsa da wurin da ya faɗo a kalma: ba guje, mim jaye, nun ara, ha kuri, ɗa mai hannu, shin mai ruwa. Yaron da aka ce masa wannan harafi yana da hannu, wancan kuwa yana da ruwa a kansa, da wuya ya manta su. Idan babbaƙu sun zauna sai a koma farfaru, a ɗora wasali bisa, da wasali ƙasa, da rufu'a, da ɗauri, ya dinga haɗa baƙi da wasali har kalma ta fito daga bakinsa ba tare da malam ya biya masa ba. Malam ne ke rubuta masa allo tsawon lokaci, yana kallon yadda ake fiƙe alƙalami da yadda ake tsoma shi a tawada, kafin a yarda ya ja layi da hannunsa.

A lakwal kuwa, inda yaro ke shiga ajin farko, CP1, yana da shekara shida, tun ranar farko ake ba shi alli. Zai yi ta zana sanduna da da'irori har hannunsa ya yi laushi, daga nan a koya masa wasula, a kawo baƙi ɗaya a jingina masa su, kamar yadda littafin nan Mamadou et Bineta na André Davesne ya koyar da kakanninsa tun zamanin Faransa. Malam ya faɗi gaɓa, yara su rubuta, ya buga tebur, kowa ya ɗaga allonsa sama. Tun da gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare a 2008 azuzuwa suka cika maƙil, saboda haka wannan ɗaga allo ya zama hanyar da malami ɗaya zai ga aikin yara masu yawa da kallo guda. Wanda ya duba da idon basira zai ga cewa babbaƙu da farfaru ne dai aka sake wa riga.

Inda wahala take shi ne harshe. Gyaran tsarin ilmi na 1975 ya ɗauki Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa, amma Faransanci ne harshen aji, kuma ƙa'idar rubutunsa mai wuyar sha'ani ce ga ƙaramin yaro: sauti ɗaya a rubuta shi o, ko au, ko eau, ga haruffan ƙarshen kalma waɗanda ake rubutawa ba a furta su. Idan aka zo shifta, yaron da bai san ma'anar abin da ake faɗa ba, bai kuma taɓa jinsa a gida ba, ina zai gane wanne zai zaɓa? Sai a ce masa daƙiƙi, ko a sa masa bulala don ya juya b ta zama d, alhali hannun da ke sauya alƙibla sau biyu a yini ya cancanci uzuri. Ni a ganina duka a wannan mataki zalunci ne, kuma ba ya gyara ko harafi ɗaya.

Sakamakon haka yana nan a fili. Musa ya zama Moussa, Yusufu ya zama Issifou, kuma samarin zango idan suna aika saƙo ta waya da Hausa, da ƙa'idar Faransanci suke rubuta ta, su sa ou a gurbin u, tch a gurbin c, dj a gurbin j, har ɗan'uwansu na Kano ko Katsina ya karanta da kyar. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, babu wanda ya taɓa nuna musu, sai ƙafa da kafa, ɗaka da daka, su zo musu da kama ɗaya.

Alhali kuwa rubutun Hausa na boko yana cikin masu sauƙi, domin galibi yadda aka furta haka ake rubutawa, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a nunawa. Wasula biyar ne. Uwa ko yaya ko wa, duk wanda ya iya karatu a gida, zai iya share ƙasa a tsakar gida ya sa yaro ya zana su da yatsa, sa'an nan ya kawo ba, be, bi, bo, bu, ya wuce zuwa kalmomin da yaron ya sani tun yana goye, irin su baba, kaka, gida, rago, tuwo, ya rufe da sunan yaron kansa. Kowane harafi mai lanƙwasa a ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, a furta su a jere har kunne ya raba su. Yaron da ya gane asirin haɗa baƙi cikin harshen da yake fahimta, da wannan ganewa zai tunkari Larabci da Faransanci, ba zai rasa kome ba.

Saboda haka muna roƙon sarakunan zango da limamai da malaman Islamiyya na Sokode da Dapaong, su ware ko da rabin sa'a ranar Alhamis, da ba a karatun allo, domin koya wa yara rubuta Hausa da boko da ajami, su kuma aika wa 'yan'uwa a Kano da Zariya da Maraɗi a turo musu littattafan farko irin su Ka Koyi Karatu. Ku kuma iyaye, kada ku jira sai an kafa aji. Ku fara da wasulan nan biyar a daren yau.