Funfunar Toka: Cutar Da Ke Shiga Ta Fure, Ta Bayyana A Kasuwa

Duk wanda ya taɓa mantawa da burodi ko tuwo a cikin leda har kwana uku ya san funfuna. Sai dai funfuna iri-iri ce, kuma akwai wadda tun a gona take fara ɓarna, kafin amfani ya kai ga tukunya. Masana kimiyya na kiranta Botrytis cinerea. Kalmar farko daga harshen Girka take, tana nufin nonon inabi, domin haka ƙwayoyin irinta suke cunkushewa idan aka leƙa su a madubin ƙara girma. Ta biyun kuwa daga Latin, tana nufin mai launin toka. Mu a nan za mu kira ta funfunar toka.

Ƙannenmu, kada ku raina ta. Tana kama tsirrai fiye da iri 200. A shekarar 2012, da wata mujallar masana cututtukan tsirrai ta tambayi masana wace funfuna ce ta fi muhimmanci a duniya, ita ta zo ta biyu, bayan wadda ke ƙona shinkafa. Domin mu fahimci halinta, bari mu bi ta zuwa gonar wani ɗan itace da take wahalarwa ƙwarai, wato buluberi.

Mene ne buluberi?

'Ya'yan buluberi ƙanana ne kamar magarya, launinsu shuɗi mai duhu, kusan na nunanniyar ɗinya. Asalinsa daga Arewacin Amurka yake, kuma a da a daji kawai ake tsinkarsa. Wata manomiya mai suna Elizabeth White da wani masanin tsirrai, Frederick Coville, su ne suka haɗa gwiwa a jihar New Jersey suka mayar da shi abin nomawa, aka fara sayar da na gona a 1916. Coville ne ya gano cewa bishiyar na son ƙasa mai tsami. Ana so ta kasance wajen 4.5 zuwa 5.5 a ma'aunin pH da kuke karantawa a darasin Kimistiri. Yau ana nomansa sosai a Amurka da Kanada da Chile da Sin, ƙasar Peru kuma ita ke kan gaba wajen fitar da ɗanyensa zuwa kasuwannin duniya.

Noma ne na mai haƙuri. Sai bishiyar ta yi shekara biyu ko uku kafin a fara cin moriyarta, tana kuma ɗaukar wasu shekarun kafin ta cika ƙarfi. Sau ɗaya take fure a shekara a ƙasashen sanyi. Idan furen ya lalace, wahalar shekara guda ta tafi ke nan.

Yadda cutar ke shiga

Funfunar toka na yin lokacin sanyi a ɓoye cikin matattun rassa da busassun ganyayen da suka zube a gindin bishiya. Wani lokaci takan dunƙule ta zama ƙananan baƙaƙen ƙulalai masu tauri, ta jira. Da zarar yanayi ya yi laima, sai ta fitar da ƙwayoyin iri masu sauƙi kamar ƙura, iska da fantsamar ruwan sama su ɗauke su.

Abu biyu take nema: sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 20, da jiƙa da za ta daɗe a jikin tsiro. Shi ya sa take damun manoma a jihohin Oregon da Washington na Amurka da lardin British Columbia na Kanada, inda fitowar fure a watannin Afrilu da Mayu kan zo daidai da yayyafi na kwana da kwanaki. Fure shi ne ƙofarta, saboda laushinsa. Furen da ƙanƙara ta ƙona ya fi saurin kamuwa.

Alamar farko ita ce furen ya koma ruwan ƙasa kamar wuta ta lashe shi. Maimakon ya faɗi idan ya gama aikinsa, sai ya maƙale, ya manne da 'yan uwansa, wata furfura mai launin toka ta lulluɓe su. Daga nan cutar kan gangara cikin reshe ta busar da kansa.

Mafi munin halinta shi ne iya ɓuya. Takan shiga ɗan itacen tun yana fure, ta yi lamo har ya nuna, a tsinke shi yana sheƙi, a zuba a kwali. Sai a hanya ko a kanti furfurar ta bayyana. Sanyin firji na rage mata gudu, amma ba ya kashe ta, domin tana iya girma a hankali ko da sanyi ya kusa digiri 0. Ku yi tunanin kayan da za su yi makonni a jirgin ruwa daga Peru zuwa Turai: ɗaya ya ruɓe, ya shafa wa na kusa da shi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Rigakafi ya fi magani

Furen da ya riga ya kamu ba ya warkewa. Saboda haka yawancin aikin manomi shi ne hana tsiro daɗewa a jiƙe.

Na farko, ana rage rassa kowace shekara, a buɗe tsakiyar bishiyar domin iska da rana su ratsa, raɓa ta bushe da wuri. Na biyu, ana yanke matattun rassa a fitar da su daga gona, don kada su zama masaukin cutar. Na uku, ana ba da ruwa ta siraran bututu masu ɗiga a gindi, ba a fesa ta sama lokacin fure. Na huɗu, ana taka-tsantsan da taki mai sinadarin naitirojin, domin idan ya yi yawa sai bishiya ta yi tohon ganye mai laushi da cunkoso, abin da funfuna ke so ke nan. Na biyar, ba a tsinka sai 'ya'yan sun bushe daga raɓa ko ruwan sama, kuma a gaggauta kai su ɗakin sanyi.

Idan masu hasashen yanayi suka ce za a yi ruwa a tsakiyar fure, manoma kan yi feshin magani irin su captan ko fenhexamid ko fludioxonil kafin cutar ta shiga. A nan ma akwai darasi. Wannan funfuna ta yi suna wajen sabawa da magani. Idan aka dage da iri ɗaya, ƴan tsirarun da suka jure su ne za su hayayyafa, sai a wayi gari maganin bai da amfani. Don haka ake sauya magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban, ana kuma bin umarnin da ke jikin kwalba.

Akwai kuma wata dabara da aka ɓullo da ita a Kanada. Ana zuba garin wata funfuna mai amfani a ƙofar amya, ƙudan zuma su taka shi yayin fita, su kai shi cikin kowane furen da suka ziyarta. Mai amfanin sai ta riga mai cutar kama wuri.

Me ya shafe mu?

Wataƙila wani ya ce ai mu ba ma noman buluberi. Gaskiya ne, amma cutar ba ta tsaya a kansa ba. Tana kama tumatir da tattasai da latas da inabi, kuma tana cikin manyan abokan gabar sitiroberi a duk inda ake nomansa. A nan gida ana noman sitiroberi a kewayen Jos, inda ake da sanyi da hazo. Ba kowace ruɓar tumatir ce aikinta ba. A wuraren zafi wasu ƙwayoyin cuta ne suka fi yin ɓarnar. Amma dokar kusan ɗaya ce: cunkoso da jiƙa da rauni su ke buɗe wa ruɓa ƙofa.

Saboda haka idan malamin Aikin Gona ya ba ku kunya a lambun makaranta, ku gwada. Ku ba da tazara tsakanin shuka, ku zuba ruwa a gindi da safe, ku cire duk ganyen da ya mutu, kada ku cusa jiƙaƙƙen tumatir cikin kwando. Ku riƙa rubuta abin da kuka gani kowane mako, ku kwatanta da kunyar da aka bari a cunkushe. Idan zangon karatu ya ƙare, ku aiko mana da sakamakon, mu ga wace kunya ce ta fi.